Ina za ka kai kayanka? Kasuwanni biyar a kan sikeli bayan ragin kuɗin fito

Duk mai harkar riɗi, citta, zoɓo ko acca a Jos ya sha jin wannan magana a 'yan shekarun nan: an cire kuɗin fito, ƙofa ta buɗe, saura a loda kwantena. Yau a ce Birtaniya ce ta sassauta, gobe a ce ƙasar Sin ce, jibi a kawo zancen yarjejeniyar cinikin Afirka. Ga kuma Tarayyar Turai da Amurka. Shi kuwa ɗan kasuwa jarinsa ɗaya ne, ba zai bi hanya biyar a lokaci guda ba. Wannan rubutu na wanda ya tara kaya ne, ko yake shirin tarawa, ya rasa inda zai fuskanta.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, saukar kuɗin fito ita kaɗai ba ta sa maka ko kwabo a aljihu. Tana amfanar ka ne idan ta sauka a kanka ba ta sauka a kan wanda kuke gogayya da shi ba, sannan kayanka ya iya tsallake gwajin da ke jira bayan kwastam.

Abin da ragin ya yi da abin da ya bari

Tun 1947, da ƙasashe 23 suka sa hannu a yarjejeniyar fito da ciniki ta GATT, ake ta zaftare kuɗin fito a duniya zagaye bayan zagaye. Mafi girma shi ne zagayen Uruguay, daga 1986 zuwa 1994, wanda ya haifar da Hukumar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1995, hukumar da Ngozi Okonjo-Iweala ke jagoranta tun 2021. A wannan zagaye ƙasashe masu arziki sun rage fiton kayan masana'antu daga kashi 6.3 zuwa kashi 3.8 a matsakaici. Zagayen Doha da aka buɗe a 2001 da sunan ci gaban ƙasashe masu tasowa kuwa ya cije, bai kai gaci ba.

Ragin bai sauka daidai wa daida ba. Inda muke da ƙarfi, wato noma, nan aka fi barin katanga: shinkafa, sukari, nama da madara har yau fitonsu na da tsada a manyan kasuwanni. Sannan akwai wani tsari da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Ɗanyen kaya ya shiga kyauta, amma da zarar ka sarrafa shi sai fito ya hau. A Tarayyar Turai ƙwayar koko ba ta biyan komai, man koko na biyan kashi 7.7, niƙaƙƙen koko kashi 9.6. Riɗi ma haka: ƙwayar kyauta, tataccen mansa kashi 9.6. Ma'anar wannan ga mai buhunan riɗi a sito ita ce, yawancin bushara da ake yi ta cire fito ba ta shafe shi ba, domin dama can ba ya biya. Wanda ta shafa shi ne mai injin matse mai, mai niƙa citta, mai ɗura acca a leda da suna a jiki.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Gatan da ake ba ƙasashe masu tasowa yana da daraja ne muddin wasu na biya kai ba ka biya. Ranar da aka sauke wa kowa, gatanka ya narke. Haka ta faru a Janairun 2005, da aka kawo ƙarshen ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa ke shigarwa Turai da Amurka: Sin da sauran manyan masaƙun Asiya suka mamaye kasuwa, masana'antun ɗinki a ƙasashe irin su Lesotho suka ji a jikinsu.

Sai matsayin Najeriya, wanda ya kamata kowane mai fitar da kaya ya haddace. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta sa mu a jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba ba. Nijar, Chadi, Benin, Togo, Mali da Burkina Faso duk suna ciki. Don haka akwai ƙofofin da aka buɗe musu gaba ɗaya, mu aka buɗe mana rabi, alhali riɗi ɗaya muke nomawa, zoɓo ɗaya, acca ɗaya.

Ma'aunan da za mu ɗora kowace kasuwa a kai

Na farko, tazarar fito: nawa za ka biya, nawa maƙwabcinka zai biya a kan irin kayan. A ce kwantenarka ta kai dala 30,000. Tazarar kashi 10 dala 3,000 ce, kuma mai saye daga farashinka zai cire ta. Na biyu, kuɗin kai kaya, daga dako da mota har jirgi. Na uku, ƙarkon alkawari, shin yarjejeniya ce da aka sa wa hannu ko kyauta ce da mai ita zai iya janyewa. Bambancin kamar na mai hayar shago da takarda ne da wanda aka ara wa rumfa: na biyun yana ciniki lafiya har ranar da mai rumfa ya ce yana son abarsa. Na huɗu, wahalar takardu da gwaji. Na biyar, haɗarin kuɗi, wato ko za a biya ka, da yaushe, da kuma abin da za ka rasa idan aka ƙi kayan.

Akwai kuɗin da ba ya canzawa ko ina ka nufa a hukumance. Sai ka yi wa kamfaninka rajista da CAC, ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar haɓaka fitar da kaya waje, wadda hedikwatarta ke Maitama a Abuja, ka cike fom ɗin bayyana kayan da za ka fitar, NXP, ta bankinka, ka biya kashi 0.5 na darajar kaya kuɗin duba su kafin lodi, ka samo takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar tantance lafiyar amfanin gona, da ta NAFDAC idan kayan sarrafaffe ne. Kuɗin cinikin kuma dole ya dawo asusunka cikin kwana 180. Daga Jos zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma sau da yawa abin da hanyar ke ci, da man mota da tsaye-tsayen shinge da jiran layi a tasha, ya fi fiton da ake murnar an cire. Ka kuma duba ta gida kafin ta waje: masara da ɗanyar fata suna cikin kayan da aka hana fitarwa, kuma a Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya, wasu na tsaka da cika alkawarin da suka ƙulla.

Afirka: ECOWAS da AfCFTA

Wannan ce kasuwar da muka fi raina wa, kuma ita ce kaɗai a cikin biyar ɗin da muke zaune a teburin rubuta dokarta. Tsari biyu ne. Na ECOWAS, da ake kira ETLS, ya daɗe: amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa biyan fito tsakanin ƙasashen ƙungiyar, kayan masana'anta kuwa sai an yi musu rajista ta kwamitin da ke Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja. Na biyu shi ne AfCFTA, yarjejeniyar cinikin Afirka baki ɗaya, da aka sa wa hannu a Kigali a 2018. Najeriya ta sa nata hannun a Yamai a Yulin 2019, aka buɗe ciniki a hukumance a Janairun 2021, amma kayanmu na farko a ƙarƙashin tsarin bai bar Apapa ba sai Yulin 2024, jadawalin ragin fitonmu kuma sai Afrilun 2025 aka wallafa shi. Tsarin ya ce kashi 90 na nau'o'in kaya za su sauka zuwa sifili a hankali, kashi 7 a ba su ƙarin lokaci, kashi 3 a keɓe su.

Ga ɗan kasuwar Filato, amfanin AfCFTA yana gabas ne. Kamaru da Chadi ba 'yan ECOWAS ba ne, ga su kuwa a bakin ƙofa. Kenya, Masar da Afirka ta Kudu ma ta nan ne kawai za ka samu ragi. A irin waɗannan kasuwanni fiton kayan abinci da aka sarrafa yana da nauyi ga na waje. Mu kanmu a ECOWAS muna karɓar har kashi 35 a kan wasu kayan. Saboda haka tazarar da za ka samu a kan mai kawo kaya daga Asiya ta fi duk wadda Turai za ta ba ka.

Akwai kayan da ba su da wata mafita sai nan. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barkin Ladi ba zai shiga Turai ba ko da an cire fito sau goma, domin dokar lafiyar tsirrai ta can ta hana dankali daga yawancin ƙasashen waje. Kabeji da karas da koren wake da ake saukewa a Farin Gada da asuba ba za su jure makonni a teku ba. Mota ce hanyarsu, kuma masu cinsu suna Nijar da Chadi da Benin.

Ta fuskar takardu da gwaji ita ce mafi sauƙi, jarin shiga kuma mafi ƙanƙanta: da mota guda ka fara. Matsalarta hanya ce da siyasa. Takarda ta ce kyauta, shingayen kan hanya ba su karanta takardar ba. Mu da kanmu muka rufe iyakokinmu na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulki, motocin kayan gwari suka ruɓe a layi. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu kamar da, su kuma suka sa harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shiga musu. Batun biyan kuɗi yana gyaruwa sannu a hankali da tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a 2022, wanda ke ba da damar a biya ka da naira ba sai an bi ta dala ba, amma yawancin cinikin kan iyaka har yau amana ce da 'yan canji.

Birtaniya

Bayan ta fita daga Tarayyar Turai, Birtaniya ta ƙirƙiro nata tsarin na sassauta fito ga ƙasashe masu tasowa, DCTS, wanda ya fara aiki a Yunin 2023 ya ƙunshi ƙasashe 65. An ɗaga Najeriya zuwa rukuni na tsakiya, inda kusan kashi 92 na nau'o'in kaya ke shiga ba fito. A nan ne ragin ya taɓa mai sarrafa kaya da gaske, domin abubuwan da Turai ke rage mana kaɗan a kansu, irin su man koko, Birtaniya ta cire duka. Shaidar asalin kaya, wato ƙasar da aka yi shi, ita ma ba ta da wuya, mai fitarwa na iya rubuta ta a jikin takardar cinikin.

Ƙarfin wannan kasuwa shi ne mutanenmu da ke can. Shagunan 'yan Afirka a Landan da Manchester sun san yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, zoɓo da daddawa, ba sai ka koya wa kowa ba. Ana iya farawa da kaya kaɗan ta jirgin sama daga Abuja, ko ku haɗa kwantena ku da yawa. Sai dai kuɗin jirgin sama yana cinye riba idan kayan mai nauyi ne mai arha, kuma kasuwar tana da iyaka. Idan kowa ya kai garin kuka, farashi zai faɗi. Dokokin tsabtar abinci kuwa yawancinsu ta gaje su ne daga Turai, don haka duk abin da zan faɗa nan gaba a kan Turai ya shafe ta. Mai kilishi ya cire rai, nama ba ya shiga. Ta fuskar ƙarko, kyauta ce ta ɓangare ɗaya, amma ba ta da ranar ƙarewa a jikinta, kuma ƙasashen biyu sun ƙulla wata yarjejeniyar haɓaka ciniki da zuba jari a Fabrairun 2024.

Tarayyar Turai

Ita ce mai biya da kyau, ita ce kuma mai tsananin bincike. Najeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar EPA da aka kammala tattaunawa a kanta a 2014, wadda za ta sa Afirka ta Yamma ta buɗe kashi 75 na kasuwarta ga kayan Turai cikin shekara 20, ita kuma kayanta su shiga Turai ba fito. Masu masana'antunmu sun yi adawa da ita, kuma ina ganin suna da hujja. Wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka koma kango ba zai yi gaggawar buɗe ƙofa ba. Amma ƙin yana da farashi, kuma mai sarrafa kaya ne ke biya. Tun 2008 muna kan GSP, tsarin ragin fito na gama-gari da Turai ke yi wa ƙasashe masu tasowa, wanda ke rage maki 3.5 kawai a kan kayan da suke ɗauka masu haɗari ga manomansu. Man kokonmu yana biyan kashi 4.2, na Gana da Kwaddibuwa, da tasu yarjejeniyar ta fara aiki a 2016, ba ya biyan komai. Nijar da Mali da Burkina kuwa suna da tsarin da aka kafa a 2001, wanda ke shigar da komai kyauta ban da makamai.

Ga mai ɗanyen riɗi ko citta da ba a niƙa ba, fito sifili ne, don haka ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana ɗakin gwaji. Tun 2015 Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda yawan fiya-fiya da ake samu a cikinsa, maganin da 'yan sari ke yayyafawa a buhu don kashe ƙwari. Riɗinmu yana cikin jerin kayan da ake tsananta wa bincike saboda ƙwayar cutar salmonela. Wanda ya taɓa tsayawa a masussuka a Doma ko Lafiya ya san daga ina take zuwa: an jingina dammunan riɗi sun bushe, an kakkaɓe su a kan tsohuwar tamfol ko ma a ƙasa, kaji na tono a gefe, awaki na ratsawa, sannan a kwashe a zuba a buhun da aka taɓa zuba taki. Ido ba ya ganin komai, riɗin fari tas. Kwantena ta isa Rotterdam, a ɗebi samfur, sakamako ya fito, a ce ko a ƙona ko a mayar, duk a kan kuɗinka, sunan ƙasarka kuma ya hau jerin gargaɗi da kowace tasha a Turai ke gani.

Acca tana da labari mai daɗi a nan. A Disamban 2018 Tarayyar Turai ta amince a sayar da ita a matsayin abinci, kuma masu guje wa alkama suna neman ta. Amma wanda ya ga yadda ake gyara ta a ƙauyukan Filato ya san aikin: a surfa a turmi, a sheƙe, sannan mace ta zauna da ƙorai biyu da ruwa tana rairaya tana juyewa har yashi ya kwanta a gindin ƙwarya. Ƙwayar acca da ƙwayar yashi kusan girmansu ɗaya. Mai saye a Faransa idan haƙorinsa ya gamu da tsakuwa sau ɗaya ba zai sake oda ba, ga shi kuma 'yan Mali da Gini da Senegal sun riga mu sanin hanyar. Masu fatar shanu da koko su san da dokar hana sare daji ta 2023, wadda ke neman a nuna daga wace gona kaya ya fito. An ɗage ranar fara aikinta, amma masu saye sun fara tambaya.

Ƙarkonta ya fi na saura a wajen Afirka, domin Turai ba ta canza doka dare ɗaya, kuma masu sayenta suna biya ta banki a kan ƙa'ida. Tsadar shiga ce ke kore ƙaramin ɗan kasuwa: injin tacewa, gwaji a ɗakin binciken da suka yarda da shi, da takardun shaidar inganci da ake sabuntawa duk shekara.

Ƙasar Sin

Ga mai riɗi, nan ne fito ya yi aiki a zahiri, kuma a kanmu ya yi shi. Sin ce ta fi kowace ƙasa sayen riɗi a duniya. Shekaru da dama riɗin Najeriya yana biyan kusan kashi 10, na Nijar da Togo da Habasha da Sudan yana shiga kyauta. Duk ɗan kasuwar Dawanau ko Maigatari ya san abin da wannan tazara ta haifar: kaya ya tsallaka iyaka ya sake takarda, Nijar ta zama cikin manyan masu sayar wa Sin riɗi. A Disamban 2024 Sin ta cire fito gaba ɗaya ga ƙasashen Afirka 33 mafi ƙarancin ci gaba, sannan a Yunin 2025, a taron Changsha, ta sanar da faɗaɗa shi zuwa ƙasashe 53 da take da hulɗar jakadanci da su, har da Najeriya. A cikin duk sanarwar da aka yi a shekarun nan, wannan ce ta fi shafar manomin riɗi na Nasarawa da Binuwai da Jigawa, domin ita ke goge tazarar. Ribarmu a nan asarar maƙwabtanmu ce, gatansu ne ke narkewa.

Kada dai a yi saurin murna. Pakistan tana shigar da nata kyauta ta yarjejeniyar da ke tsakaninsu, kuma a ƙarshen 2024 Sin ta buɗe wa riɗin Brazil ƙofa, ƙasar da ke noma da manyan injuna. Kasuwar ta masu yawa ce: kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 19, kuma mai saye ba kwantena ɗaya yake nema ba. Jirgi yana kwashe sama da wata guda a teku, farashi na iya juyawa kafin ya isa. Sai ka yi rajista da hukumar kwastam ɗinsu, kuma amfanin gona da yawa ba ya shiga sai gwamnatocin biyu sun sa hannu a kan ƙa'idar wannan kaya shi kaɗai, kamar yadda aka yi wa gyaɗa a 2024. Babban haɗari shi ne a sauke kaya sannan mai saye ya ce akwai datti ko laima, ya nemi ragi alhali ba ka da yadda za ka yi. Kada ka loda sai da kafin alƙalami mai kauri ko takardar lamunin banki, kuma ka sa ya tabbatar maka a rubuce nawa kwastam ɗinsu ke karɓa a kan nau'in kayanka a lokacin.

Amurka

Dokar AGOA ta shekarar 2000 ta buɗe wa dubban kayan Afirka ƙofar Amurka ba fito, amma abin da Najeriya ta fi aikawa a ƙarƙashinta ɗanyen mai ne. Ita ce misali mafi bayyana na kyautar da ake janyewa: an dakatar da tufafin Ruwanda a 2018 saboda ta ƙara haraji a kan gwanjo, an cire Habasha da Mali da Gini a 2022, Nijar a 2024. Wa'adin dokar ya cika ranar 30 ga Satumban 2025 ba tare da majalisarsu ta sabunta ta a kan lokaci ba. A cikin 2025 kaɗai Shugaba Trump ya sanar da fiton kashi 14 a kan kayan Najeriya a Afrilu, aka sauke zuwa 10 na ɗan lokaci, ya koma 15 a Agusta, a Nuwamba kuma aka cire wasu kayan gona kamar kofi da koko. A ƙarshen Agusta aka soke sassaucin da ke barin ƙunshin da bai kai dala 800 ba ya shiga kyauta, wanda shi ne hanyar mata masu aika yaji da man kaɗanya ta intanet. Farashi a can yana da kyau, rajista da hukumar abinci ta FDA ba ta gagara ba, amma ba zan ba kowa shawara ya ci bashi ya kafa injin da Amurka ce kaɗai za ta sayi abin da yake fitarwa ba.

| Kasuwa | Kuɗin fito | Kuɗin kai kaya | Ƙarko | Takardu da gwaji | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Afirka | Sifili a ECOWAS, yana sauka a sauran | Mota, ƙaramin jari | Yarjejeniya ce | Mafi sauƙi | Shinge da rufe iyaka |
| Birtaniya | Sifili a yawancin kaya | Jirgin sama mai tsada, ko haɗin kwantena | Kyauta, ba ranar ƙarewa | Asali mai sauƙi, gwaji mai tsauri | Kasuwa ta cika |
| Tarayyar Turai | Ɗanye sifili, sarrafaffe ragi kaɗan | Matsakaici | Kyauta, amma doka tabbatacciya | Mafi tsauri | A ƙi kwantena |
| Sin | An sanar da sifili a 2025 | Nisa, babban jari | Shawarar gwamnatinsu | Rajista da ƙa'idar kowane kaya | Neman ragi bayan sauke kaya |
| Amurka | Yana canzawa | Nisa | Mafi rauni | Matsakaici | Doka ta juya kaya na kan teku |

Wa ya dace da ina

Idan kayanka na gwari ne, dankali, kabeji, karas, babu zaɓi sai maƙwabta. Kuɗin da za ka kashe neman takardun Turai ka sa shi a kwanduna masu iska da mota mai lafiya da amintaccen mutum a ɗaya ƙetaren.

Idan kina da ƙaramin kamfani, Hajiya, kina niƙa yaji ko gyara acca ko tace man kaɗanya, jarinki bai kai cika kwantena ba, Birtaniya ce ta fi dacewa ki fara da ita. Ki samu lambar NAFDAC, ki biya kuɗin gwaji kafin kaya ya bar Jos, ki aika kaɗan ki ga ko za a sake nema. A lokaci guda ki yi rajistar ETLS, domin shagunan Akara da Kwatano ma suna sayen kayan leda mai suna, kuma idan sun ƙi kaya ba ki yi asarar kuɗin jirgi ba.

Idan kai babban ɗan sari ne mai iya tara tireloli na riɗi, Sin ce kasuwarka, tare da Japan da Turkiyya da dama suke saye, don kada mai saye ɗaya ya riƙe maka wuya. Japan tana duba ragowar maganin ƙwari da tsanani, don haka ka san manoman da kake saye a wurinsu. Mai zoɓo ya tuna cewa Meziko, babbar mai sayensa, ta taɓa dakatar da namu na shekaru saboda ƙwaron sito, ba saboda fito ba. Kuɗin feshin sito a hannun ƙwararru ba asara ba ne.

Idan ƙungiyar manoma ce, kuna da ikon sa ido daga shuka har buhu, ku nufi Turai. Ku ne kaɗai za ku iya cewa wannan citta daga gonar wane ta fito, a kan me aka shanya ta. Sai dai masu citta su yi lissafi da cutar da ta cinye gonakin kudancin Kaduna a 2023, kada su ɗauki alkawarin da gona ba za ta cika ba. Shekara biyun farko kwalliya ba lallai ta biya kuɗin sabulu ba, amma mai saye na Turai idan ya yarda da ku yakan daɗe.

Mai masana'anta, na robobi ko sabulu ko takalma ko abincin kaji, AfCFTA aka yi dominsa. A Turai zai gamu da Sin da Indiya a fili ɗaya ba tazarar kirki, a Duwala ko Nairobi kuwa tazarar tana gefensa, muddin kayan ya cika sharaɗin asali, wato a nan aka ƙera shi, ba shigo da shi aka yi aka sake kwali ba.

Amurka kuwa, ga wanda yake da ɗan'uwa ko tsohon abokin ciniki a can da zai karɓi kaya ya biya, ya ci gaba da aikawa, amma a rubuta a yarjejeniya wa zai ɗauki fiton idan ya ƙaru kafin jirgi ya sauka, kuma kada kasonta ya wuce abin da zai iya juyawa zuwa wata kasuwa cikin wata guda.